Muryar Baba a Cikin Murhu

Litinin, 10 ga Nuwamba, da safe

Na koma aiki. Kowa a situdiyo yana yi mini magana ƙasa-ƙasa kamar ni ce a kwance, ba Baba ba. Wani ya ajiye mini cakulan a tebur bai sa suna ba. Na cinye.

Hauke, daraktanmu, ya zo ya tsaya a bayana ya ce, "Gesine, in kina so a ba ki yarinyar fim ɗin ki zana, wani ya karɓi Kokel, ba komai." Na ce masa shekara biyu ina zana bakin Kokel, ɗan aljanin murhu, ba wanda zai taɓa mini shi. Ya ce, "To, shi ke nan." Ya ɗan ƙara tsayawa, ya rasa inda zai sa hannuwansa, ya tafi.

Haka aikin katun yake, murya ce a gaba, mu masu zane muna bin ta a baya. Na sa abin ji a kunne, na gyara madubina, na danna. Ɗan aljanin ya leƙo daga ƙofar murhu, muryar Baba ta fito daga bakinsa tana cewa, "Ke yarinya, wa ya koya miki hura wuta? Akuya?" Wannan akuyar ba ta cikin rubutu, shi ya ƙara ta ranar da aka naɗa, har mai kula da sauti ya ƙware don dariya.

Na maimaita layin a madubi ina kallon leɓena. Na zana. Na mayar baya. Akuya. Akuya. Har aka tashi cin abinci ban ji komai ba.

Talata, 11 ga Nuwamba, da magariba

Na je asibiti wurin Baba, inda yake kwance tun da ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke. Yau ce ranar da yara ke yawo da fitilun takarda, sun bi ta ƙarƙashin tagarsa suna waƙa, wani mutum a kan doki yana gabansu. Na ɗaga masa kan gado don ya gani. Ya kalla.

Na ba shi labarin sanyi, da gyaran titin da ake yi a unguwarsu, da yadda jirgin ƙasan cikin gari ya makara. Ni da ban cika magana ba, yau ni ce mai surutu. Hannunsa na dama yana kan bargo kamar safar hannun da wani ya manta.

Alhamis, 13 ga Nuwamba, da yamma

Ruwa ake yi. Na zana baki. Na ci burodi.

Asabar, 15 ga Nuwamba, da rana

Na je gidansa na ba shuke-shuke ruwa. Daga banɗaki na ɗebo ruwan. Ƙofar kicin tana rufe yadda na bar ta ranar da ya faɗi, kuma na san kofin yana nan a ƙasa. 'Yan tsanansa na wasa suna rataye a falo, duk sun sunkuyar da kai.

Malte ya kira daga Stuttgart. Ƙanena kullum yana cikin mota in zai kira. "Yaya jikin nasa?" Na ce yana nan. "Ya ce wani abu?" Na ce a'a. "Ke fa, kina cin abinci?" Na ce ina cin burodi. Ya ce zai zo da zarar aiki ya lafa, in gaishe shi, in gaya masa yara suna tambayarsa. Na ce to.

Talata, 18 ga Nuwamba, da rana

Madam Petzold, furodusar fim ɗin, ta kira ni ofis. Ta zuba mini gahawa da hannunta, daga nan na san ba alheri ba ne.

Ta ce, "Madam Haase, kin san yadda muke ganin girman mahaifinki." Na ce na sani. Ta ce duk maganganun Kokel an naɗe su tun bazara, ban da na ƙarshe, inda za a rushe murhun, shi da yarinya Jette su yi sallama. Baba ne ya ce a bar wannan sai ya ga zanen tukuna, ba zai yi ban kwana da yarinyar da bai ga fuskarta ba. Kowa ya yarda, don ba a musu da Ortwin Haase.

"Ba za mu iya sa wani ya faɗi layin ƙarshe kawai ba," in ji ta. "Yara suna ganewa. Manya ne ake yi wa wayo, ban da yara." Don haka in har zuwa hutun Kirsimeti bai iya ba, akwai wani ɗan wasa a Berlin da zai zo a watan Janairu ya sake Kokel daga farko har ƙarshe. A cire Baba gaba ɗaya. Ni kuma in sake zana kowane baki ya bi muryar wani ƙato.

Na ce ai akwai na'urar da ke kwaikwayon murya. Ni da kaina na faɗa, ban san daga ina ya fito ba. Ta kalle ni ta ce, "Shi da kansa ya sa aka rubuta a yarjejeniyarsa ba za a ba na'ura muryarsa ba. Kina wurin ai." Ina wurin. Ya ce gara a binne shi da ita.

Na ce mata zai yi magana kafin Kirsimeti. Ta ce tana fata. Na shanye gahawar don kar a zubar.

Laraba, 19 ga Nuwamba, da safe

Zai yi magana.

Juma'a, 21 ga Nuwamba, da yamma

An mayar da shi gidan jinya a bayan gari, kusa da tafki. Su biyu ne a ɗakin. Ɗayan wani tsoho ne mai suna Rudi, tsohon direban jirgin ƙasa, an sa masa ƙarfe a ƙugu amma bakinsa ƙalau. Ina shiga ya ce, "Ke ce 'yar? Ubanki ya iya hira, ban taɓa samun maƙwabci irinsa ba. Tun jiya nake ba shi labari bai katse ni ko sau ɗaya ba." Na kalli Baba. Gefen bakinsa na hagu ya ɗan motsa.

Mai koyar da magana ta zo, Madam Kowalke, yarinya ce, ba ta kai Malte ba. Ta ɗaga kati mai hoton tuffa ta ce, "Mene ne wannan, Malam Haase?" Mutumin da ya yi shekara arba'in yana yin muryar sarki da ta kerkeci da ta tsohuwa a bayan labule, duk a numfashi ɗaya. Ya kalli tuffar. Ya buɗe baki. Iska ta fito.

A waje na tambaye ta ko kafin Kirsimeti. Ta ce, "Kafin Kirsimeti me?"  Ta ce yana fahimtar kusan duk abin da ake faɗa, in riƙa tuna wannan in ina magana a gabansa.

Lahadi, 23 ga Nuwamba, da hantsi

Ranar ziyarar kaburbura. Na kai wa Mama rassan itace na rufe kabarinta saboda sanyi, kamar yadda Baba yake yi duk shekara. Shi yakan tsaya ya ba ta labarin gari da muryoyin mutane. Ni na jera rassan, na tsaya ɗan lokacin da ya kamata, na dawo.

Litinin, 24 ga Nuwamba, da yamma

Yau inda Kokel yake cin gawayi yana santi na zana. Baba yana tauna a kunnena tun safe. Ranar da aka naɗa busasshen burodi ya zo da shi daga gida a aljihu.

Ina jin muryarsa fiye da yadda na taɓa ji a rayuwata. Daga ƙarfe tara zuwa tashi yana zagina, yana dariya, yana minshari. Sai in shiga mota in je in zauna kusa da shi mu yi shiru.

Laraba, 26 ga Nuwamba, da yamma

Ya yi magana. Cokali ya faɗi daga hannunsa, miya ta zube masa a ƙirji, sai ya auna ashar guda ɗaya, tsaf, da muryarsa sak. Rudi ya buga tebur ya ce, "Yauwa, Ortwin! Ashe kana ciki! Ƙara wata!" Madam Kowalke ta yi murna, amma ta ja ni gefe ta ce ashar daga wani wuri dabam take fitowa, kar in ɗora rai a kai.

Na ɗora. A mota ina ta lissafin layukan da suka rage. Ba su da yawa.

Lahadi, 30 ga Nuwamba, da yamma

An kunna kyandir na farko na jiran Kirsimeti a zauren gidan jinyar. An raba kek. Na tura shi a kekensa na marasa lafiya zuwa ɗaki kafin a gama waƙa, don na san Rudi zai zauna sai ya ga ƙarshen kek ɗin.

Na ajiye jakata a kan gado, a buɗe, ƙaramar rakoda tana ciki tana aiki. Na ce masa, "Baba, mu yi wasa. Ka ce Jette." Ya kalle ni. "Je. Tte. Kalli bakina." Na ce ko kalma ɗaya-ɗaya ce, za a haɗa su. Na ce, "Ka ce itace." Ya gwada. Jijiyar wuyansa ta tashi, yawu ya zubo, na goge masa, na ce ya sake. Ya sake. Na ce ya sake.

Sai ya ga jan hasken a cikin jakar. Ya daɗe yana kallonsa. Ya miƙa hannun hagu ya ture jakar, ta faɗi ƙasa, komai ya watse, makullai, lemo, rakoda. Ya juya fuska bango.

Na tsince kayana. Na ce sai gobe.

Litinin, 1 ga Disamba, da yamma

Ban je ba.

Talata, 2 ga Disamba, da yamma

Ban je ba. Na ci burodi a tsaye. Na goge abin da ke cikin rakodar ban saurara ba.

Alhamis, 4 ga Disamba, da rana

Hauke ya ce in zo ɗakin sauti. Ya rufe ƙofa, ya ce in zauna, ya danna. Zanen farko ne na wurin sallamar, na fensir, bai da launi. Jette tana durƙushe da itace a hannu, masu rushe murhu suna jira a tsakar gida. Sai Kokel ya ce, "Kar ki ƙara itace. Ɗakin ya yi ɗumi. Je ki sa takalminki, ana jiranki a waje."

Na miƙe tsaye. Na ce, "Yaushe ya naɗi wannan?"

Hauke ya ce, "Bai naɗa ba. Ke ce."

Na manta da shi sam. A bazara, da ake haɗa zanen gwaji, ana buƙatar wata murya ta riƙe wurin kafin ta gaske ta zo, kamar yadda ake yi kullum, duk wanda ke kusa shi ake jawowa. Ni aka jawo. Na yi shi da muryar Baba don in ba su dariya. Tun ina 'yar firamare nake kwaikwayonsa, a teburin cin abinci, a bayan idonsa, wani lokaci a waya in ce wa malamin Malte yaron ba shi da lafiya. Hauke ya ce mai sauti ya ɗan saukar da ita kaɗan kawai, bai ƙara komai ba. Ya sa wa Madam Petzold jiya, ba ta gane ba. Ya sa wa 'yarsa mai shekara shida, ta ce Kokel yana mura.

"In kin gyara murar," in ji shi, "ba sai mun kira Berlin ba. Ubanki ya zauna a fim ɗinsa."

Na ce ai zai yi da kansa.

Hauke ya cire tabarau ya goge da rigarsa. Ya ce, "Gesine." 

Asabar, 6 ga Disamba, da safe

Yaran maƙwabta sun jera takalma a bakin ƙofa, an cika musu da alewa da gyaɗa. Na tsallake su na fita.

Na gaya wa Malte. Ya ce, "To me kike jira? Ki yi mana! Ai dama kin fi shi iya shi." Na ce in na yi, me na ce ke nan? Ya ce bai gane ba. Na ce ba komai, ya kula da tuƙinsa.

Na koma gidan jinya da rana. Rudi ya ce, "Gimbiya ta tuna da mu. Kwana nawa ubanki yana kallon ƙofa, har na fara kishi." Na ɓare wa Baba lemo. Ya karɓa. Ba mu tayar da maganar jaka ba, ba mu da yadda za mu tayar.

Talata, 9 ga Disamba, da yamma

Na shiga ɗakin naɗar murya. Makirfon yana daidai tsayinsa, sai da aka sauke mini. Na faɗi layin sau da yawa. Hauke ta cikin gilashi yana cewa, "Ya yi. Ya yi kyau." Ƙarya yake. Muryar ta fito, amma kamar mai karanta sanarwar tashar jirgi.

Na ce masa kar a sa a fim sai Baba ya ji. Ya ce, "Kin tabbata? Ba dole ya sani ba." Na ce muryarsa ce zan ɗauka, ba laima ba.

Alhamis, 11 ga Disamba, da safe

Dusar ƙanƙara ta sauka kaɗan ta narke. Na zana baki.

Lahadi, 14 ga Disamba, da yamma

Na tafi da kwamfuta. Na roƙi Rudi ya ba mu wuri, ya ce shi ba inda za shi, ƙugunsa na ƙarfe ne, amma zai rufe bakinsa. Bai taɓa rufewa ba sai yau.

Na gaya wa Baba komai a tsaye, ban zauna ba. Berlin, Janairu, abin da Madam Petzold ta ce, abin da Hauke ya samo. Na ce in bai so ba, ya ture kwamfutar kamar yadda ya ture jaka, ba zan ce uffan ba. Na ɗora masa a cinya na danna.

Ya kalli Jette. Wannan ne karo na farko da ya ga fuskarta a wurin. Ya ji layin. Ya haɗe gira. Ya buga hannun kujera da tafin hagu.

Na miƙa hannu zan ɗauke, ya riƙe mini wuyan hannu. Ya rufe kwamfutar da kansa, ya nuna ni, ya nuna ƙasa a gabansa. Ban gane ba. Rudi ya ce, "Ke, cewa yake ki tsaya nan ki faɗa da bakinki. Ni da ban yi boko ba na gane."

Na tsaya a gabansa. Na ce, "Kar ki ƙara itace."

Ya girgiza kai. Ya jawo ni kusa ta rigata, ya ɗora tafinsa a cikina, ƙasa da haƙarƙari, ya danna. Daga nan, ba daga maƙogwaro ba. Na sake. Ya ɗaga yatsa bayan "itace", ya riƙe shi a sama, ya hana ni wucewa. Na jira. Na jira har na ji kunya. Sannan ya sauke yatsan. "Ɗakin ya yi ɗumi." Ya yamutsa fuska, ya yi alamar in rage, in daina tausayin kaina, Kokel ba ya kuka, masifa yake yi. Na sake. Ya sake bugun kujera. Wata ma'aikaciya ta leƙo da abincin yamma, Rudi ya kore ta da hannu.

Ban san sau nawa ba. Gumi ya jiƙa masa goshi, ni ma haka. Duk inda na yi gaggawa sai ya danna cikina. Duk inda na yi daidai sai ya bar ni in wuce, ba yabo, haka yake dama.

Ana cikin haka na gane abin da muke yi. Makonni ina yawo ina ce wa mutane zai yi magana, ina ce wa kaina. Shi ya riga ni yarda. Ba ya ajiye layin don ranar da zai warke. Miƙa mini shi yake yi.

Na faɗi na ƙarshe ina kallonsa, hannunsa yana cikina. "Je ki sa takalminki, ana jiranki a waje." Layin ya fito daga bakina da muryarsa, da masifarsa, har da ɗan kakin da yake yi a ƙarshen magana. 

Ya janye hannunsa ya ajiye a cinya. Ya gyaɗa kai sau ɗaya.

 Na zauna a ƙasa, na kifa kaina a gwiwarsa, na yi kukan da ban yi ba tun ranar da ya faɗi, mai ƙara, irin na yara, har da majina. Ya bar ni. Da ya ga abin ba zai ƙare ba, ya ƙwanƙwasa mini kai da ɗan yatsa, ya nuna tiren abincin da aka ajiye a bakin ƙofa.

Na tashi na ɗauko. Miyar ta huce, amma ya sha.